Dutsen Bai Kwanta Ba

Mahaifina wanzami ne, kakana ma wanzami, kuma a gidanmu na unguwar Alkalawa a Jimeta babu abin da ake tattali bayan Alƙur'ani kamar dutsen wasa aska. Aska in ta ƙare a je wajen maƙera a yi wata, ko a sayo ta kanti a bakin kogi. Dutsen kuwa ɗaya ne tak, baƙi-baƙi mai ratsin toka, tsawonsa bai wuce tafin hannun babba ba, kuma kakana ne ya taho da shi a zabirarsa tun daga ƙasar Kano. Ni da nake mace ba a yarda in taɓa shi ba. Ko Baba ya manta shi a bakin rijiya, iyakata in tsaya a kansa ina korar awaki ina ƙwala masa kira. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, don ina ganin ƙannena maza masu majina suna jujjuya shi yadda suka ga dama, kuma duk cikinsu ba wanda ya gaji sana'ar. Wannan ya zama direba, wancan ya tafi soja.

Dutse ma yana cinyewa, wanda bai tashi a gidan wanzamai ba ba zai yarda ba. Kullum aska tsakiyarsa take bi, gefuna suna hutawa, a kwana a tashi sai tsakiyar ta yi kwarmi. Askar da aka wasa a kan kwarmi bakinta ba ya miƙewa, ta ci nan ta tsallake can, ta kamo fatar mutum ba gaira ba dalili. Don haka duk shekara, in ruwan Binuwai ya ja baya, Baba yakan ware yini guda ya kwantar da dutsen, haka yake kiran aikin. Akwai wani falalen dutse a bayan ɗakinsa, gindin lemo, wanda aka tsallako da shi a kwalekwale daga duwatsun bayan Vinikilang tun ban san kaina ba. Sai ya ɗebo rairayin kogi ya tankaɗe da rariyar Inna, ita kuma tana mita tana cewa yau ma tuwo da ƙasa za a ci. Ya ɗauki gawayi ya zazzana fuskar dutsen washin, tsaye da kwance, ya watsa rairayi da ruwa a kan falalen, ya kife dutsen ya yi ta zagayawa da shi. Can ya ɗaga ya duba. Inda gawayi ya goge ya kwanta, inda zane ya rage nan kwarmin yake, sai a koma. In zanen ya tafi duka ya wanke rairayin ya sa laka mai laushi, daga laka sai ruwa zalla, har fuskar ta yi sumul. Gwajin ƙarshe shi ne ya jiƙa shi ya danna a kan falalen ya ja sama. In ya kama ya ƙi ɗagowa sai an zame shi gefe, to aiki ya yi. Ranar nan Baba yakan yini cikin raha, har ya sayo mana rake.

Na yi aure a cikin Yola. Mijina Bafulatani ne, akawu a ofishin lardi. Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gida Jimeta in haihu a gaban Inna, kamar yadda ake yi. Shekarar da aka yanka jihohi ce, aka ce mu yanzu 'yan Arewa Maso Gabas ne, motocin soja na wucewa, ana ta ƙus-ƙus ɗin yaƙi. Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Tun daga zaure na jiwo ƙarar dutse a kan dutse, alhali damina ce, kogi ya cika ya batse, ba lokacin wannan aiki ba ne.

Na tambayi Inna. Ta ce tun bayan babbar sallah yake abu ɗaya, kuma in bar ta ta ji da abin da ke damunta. Da yamma na kai masa kunu, a nan na gane. Ya karɓi ludayin, kafin ya kai baki rabi ya zube a gemunsa, ludayin na buga haƙoransa ƙas-ƙas. Ya ga na gani.

"Uwata," ya ce, "kunun nan ya cika zafi."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Kunun kuwa ni na fifita shi da kaina har ya huce kafin in kawo.

Ashe labari ya riga ni zagaya unguwa. Wani maƙwabcinmu mai sayar da goro, wanda Baba ke yi wa aski tun yana saurayi, ya tashi daga gabansa da jini a bayan kunne. Wani ma haka. Ba wanda ya ce masa uffan, mutanenmu ba sa yi wa dattijo haka. Sai dai ranar askin mutum ta zo ka ji an ce ya tsallaka kogi, ko ba ya jin daɗi, bayan kwana biyu ka gan shi a masallaci kansa na sheƙi. Baba kuwa maganarsa ɗaya ce, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba: dutsen ne bai kwanta ba.

Na haifi namiji. Ranar suna wanzamin gida ke aske jariri, mu kuwa wanzamin gidanmu shi ne maigidan. Duk kwanakin nan ina ɗaki, ana gasa ni da ruwan zafi safe da yamma, ana ɗura mini kunun kanwa, kunnena yana bayan ɗaki. Shuu, shuu, daga hantsi har la'asar. In ƙarar ta tsaya na san ya ɗaga yana duba gawayi, in ta ci gaba na san bai kwanta masa ba. Nakan saci kallon kan yaron in ba kowa. Maɗigarsa, wurin nan mai taushi a tsakiyar kai inda ƙashi bai haɗe ba, tana harbawa a ƙarƙashin gashi, fatar ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Ina kallonta ina tuna ludayi. Tsoro nake ji irin wanda ko a kan gwiwa ban ji shi ba.

Ga shi ba ni da bakin magana, don ɗan fari ne. Mace ba ta nuna ta damu da ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya sai an tilasta mata ta ba shi nono. In na buɗe baki na ce kada a miƙa wa Baba yaron nan, na yi abin kunya biyu a lokaci guda, na zubar da kunyar ɗan fari, na kuma tona wa ubana asiri. Waɗanda suka ƙago wannan al'ada Allah ya gafarta musu, ni dai har yau ban gama huce musu ba.

Goggo, yayar Baba, ita ce ba ta shakkar kowa. Ana jibi suna ta same shi a gindin lemo, ina jin su ta taga.

"Kai," ta ce, "yaron nan da ka koya wa aski, mai rumfa a kasuwa, me zai hana a kira shi ya taya ka? Kai ka zauna ka ci girma, kakan ɗa ne kai."

Ƙarar dutse ta tsaya.

"Yaya, ni na aske rabin 'ya'yan unguwar nan. Jikana ne zan ba yarona?"

"Ni ban ce ba ka iya ba."

"To me kika ce?"

Can ya ce a hankali, "Kafin jibi zai kwanta." Ya ci gaba da gugarsa.

Ranar suna, bayan an raɗa an yanka rago maza sun watse, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mata sun cika gidan, da namu da dangin mijina da suka zo daga Yola, surukata a gaba, wadda muke ce wa Dada. Goggo ta zauna ta miƙe ƙafa ta ɗora yaron a cinya. Ni ina ɗaki, an ce in zauna kamar ba don ni aka taru ba. Na lallaɓa bayan asabari na sa ido a tsaga.

Baba ya fito da sabuwar riga, zabira a kafaɗa. Ya durƙusa, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya yi bisimilla. Na ga dabarar da ya yi: ya kafa gwiwa ɗaya ya danne tsintsiyar hannunsa a kanta, Goggo ce ke juya masa kan yaron zuwa ga askar, maimakon aska ta bi kai. Na tabbata ba su haɗa baki ba, jini ɗaya ne kawai. Daga ƙeya ya fara. Askar na tafiya ba ƙara, gashi na zubowa cikin ƙoƙo. Ƙeya ta fita, gefen dama, gefen hagu, har goshi, ba ko ɗigon jini. Mata har sun koma hira. Saura tsakiya.

Nan gwiwa ba za ta taimake shi ba, dole ya ɗaga hannu sama da kan. Ya ɗaga. Daga inda nake ina ganin hasken rana yana rawa a bakin askar, ƙarƙashinta kuma maɗiga tana harbawa. Na cusa gefen zanena a baki na cije. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Sai ya janye hannun, ya mai da askar zabira, ya yi dariya da ƙarfi.

"A bar wa abokina tukku," ya ce. "Ya zo ƙwace mini mata, to ya tafi da alama."

Wasan kaka da jika ne, wasu suka yi dariya. Dada ba ta yi ba. Hausarta irin ta mutanen Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji, "don Allah" ma da Fulatanci take faɗa, "useni".

"Useni, wanzami, wannan wane irin aski? Wurin mu ana cire shi duka. Aska ɗin ya mutu ne?"

"Askar lafiya lau, Dada. Dutsen ne bai kwanta ba. In ya kwanta zan ƙarasa."

Na koma bakin gado na zauna. Na yi kuka sosai, daɗi da tausayi sun haɗe mini wuri ɗaya, matan da suka shigo suka ce gajiyar jego ce.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne dokar wanzamai. Kan da wani ya fara, ba mai ɗora masa aska sai da izinin wanda ya fara, ko bayan ransa. Da na yi arba'in na koma Yola da yaro da tukkunsa. Sauran gashin in ya tsiro ni nake rage shi da almakashi, amma gashin suna aska ce kawai ke fid da shi, wannan kowa ya yarda, har Dada. Tukkun ya yi tsawo ya murɗe, duk wanda ya gani ya san aiki ne ba a gama ba.

Dada ba ta bar maganar ta kwanta ba. Ta ce modibbon unguwarsu, wato malaminsu, ya ce aske wani sashe a bar wani ba kyau a addini. Yaro ya yi zazzaɓi, tukku ne. Haƙori ya yi jinkirin fitowa, tukku ne. Mijina mai haƙuri ne, amma wata rana ta kai shi bango, ya ɗauki yaron a keke ya kai wa wani wanzami can wajen kasuwar Yola, inda yake zaton ba a san mu ba. Shi ya ba ni labari da bakinsa, yana huci. Wanzamin ya jiƙa kan, ya kama tukkun, sai ya tsaya ya ce, "Wa ya fara?" Da ya ji amsa ya share ruwan da hannun rigarsa, ya ce a gaida Baba.

Baba kuwa ya daina fita da zabira. Duk sanda na je gida a gindin lemo nake samunsa. Gawayin yana gogewa tun a zagayen farko, amma sai ya sake zanawa. Dutsen ya rame har Inna tana tsoron ya tsage masa a hannu. Ta ɓoye rariyarta, ya koma tankaɗe rairayi da tsohon ƙyalle. Wata rana da rana tsaka na zagaya na same shi yana magana, ba kowa a wurin.

"To, na ji. Gefen hagu."

Na ce, "Baba, kai da wa?"

"Kakanki," ya ce. "Wai na bar masa dutse ya lalace."

Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin maƙwabci. Na dubi inda yake kallo, inuwar lemo ce kawai da wani tsohon turmi da aka kife. Tsikar jikina ta tashi, kuma tun daga ranar ban ƙara zagayawa bayan ɗakin nan ba sai na yi sallama tun daga nesa.

Duk zuwanmu yakan ɗora yaron a cinya yana tsokanarsa, "Ɓarawon mata, ka zo?" Sai ya sa babban yatsa cikin tukkun ya danna a hankali, ya yi shiru kamar mai sauraro. Ban daɗe ba na gane. Ƙashin yake jira ya haɗe, don ko hannu ya kuskure ya tarar da abu mai tauri. Maɗiga tana rufewa kaɗan-kaɗan, hannun kuma yana ƙara lalacewa, ni ina tsakiya ina kallon wanda zai riga wani. Ban gaya wa kowa ba. In Dada ta ta da maganar sai in sunkuyar da kai in ce dutsen ne bai kwanta ba, ta yi tsaki ta ce mu Hausawa duk kanmu ɗaya.

Yaron ya fara tafiya yana ɓarna a tsakar gida, sai aka yi wa mijina canjin wurin aiki zuwa Maiduguri, hedikwatar jiha. Bai ɓoye mini ba, ya ce, "A can ba wanda zai tambayi wa ya fara." Ban ga laifinsa ba. Amma na san in labari ya dawo Alkalawa cewa baƙon wanzami ya ƙarasa kan da Baba ya fara yana raye, to an binne shi tun bai mutu ba. Na roƙi yini ɗaya in je sallama.

Bazara ce, zafin Jimeta na gaske. Inna da Goggo sun tafi gidan biki, ba kowa sai shi. Yaron ya yi barci tun a mota. Na kwantar da shi a tabarma gindin lemo, na gaya wa Baba maganar tafiya. Ya sa yatsa cikin tukkun ya danna, ya matsa gaba ya sake dannawa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ta rufe," ya ce.

Ya jawo dutsen ya jiƙa, ya danna a kan falalen ya ja, ya kama gam. Ya zame shi gefe ya ajiye a gabansa, ya fiddo askar. Yana kwantar da ita a kan dutsen sai ta hau ƙara, kaf-kaf-kaf, bakin yana saran dutse. Ya riƙe hannun da ɗaya hannun, duka biyun suka yi ta rawa tare. Ya gwada, ya sake gwadawa. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ni ranar na san gaskiya ne. Ya ajiye askar ya zuba wa hannayensa ido, ya daɗe a haka.

"Uwata, je ki turo ƙyauren zaure."

Na je na dawo.

"Zauna nan. Kawo hannunki."

Na ce, "Baba, ni fa mace ce."

"Na san abin da na haifa. Kawo."

Ya riƙe askar, na ɗora hannuna a kan nasa na damƙe tun daga tsintsiya. Yatsuna suka taɓa dutsen, sanyi ƙalau da santsi. Shi ke faɗa, ni ke tafiyar da hannun: kwantar da ita duka, kada ki ɗaga bayanta, ja, juya, dawo. Rawar tana nan a ƙarƙashin tafina ba ta daina ba, danne ta kawai nake yi kamar mai riƙe da kifi mai rai. Da ya ce ya isa, muka ɗora kan yaron a cinyata, ya jiƙa shi, ya yi bisimilla. Da tukkun muka fara. Askar ta bi ta kan wurin da na yi shekara da watanni ina tsoro, ta wuce ba ko ƙwarzane, gashin nan mai laushi ya faɗo a zanena. Muka bi sauran kan don ya daidaita. Yaron ya motsa sau ɗaya ya ci gaba da barcinsa. Baba bai dube ni ba, numfashinsa kawai nake ji a gefen kunnena.

Wannan ne zama na ƙarshe da na yi kusa da shi. Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, a Maiduguri saƙon ya iske ni. Dutsen ban san hannun wanda ya faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Amma rawar nan na tafi da ita. Na tsufa yanzu, na aurar da jikoki, kuma har yau in na kama hannun wani, ko na yaro ne za mu tsallaka titi, sai in ji ina jiran ta fara.

Da muka gama ya zare hannunsa daga nawa, ya goge askar ya mai da ita zabira. Bai ce kada in faɗa ba, ni ma ban ce ba zan faɗa ba. Yaron ya farka yana shafa kai. Baba ya miƙe da ƙyar, ya saɓa shi a kafaɗa, ya buɗe zaure ya fita wajen dattawan da ke zaune a gindin darbejiya suna jiran la'asar. Ina durƙushe ina tattara gashin na jiwo muryarsa, da ƙarfi yadda na daɗe ban ji ba.

"Ku duba nan. Ban gaya muku ba? Dutsen ne."

Sai wani daga cikinsu ya ce, "Ai kuwa aski ya yi kyau. Hannu na nan, wanzami."

"Yana nan," in ji Baba.

Na zo ƙulle gashin a bakin zanena, ƙullin ya ƙi. Sai da na zauna a ƙasa na jira hannuwana su tsaya.